Tarihin 'Yar Sakata: Yadda Maɓallin HOLD Ya Zo, Ya Yi Zamani, Ya Ɓuya

A wannan karon mun ɗauko tarihin wani abu ne da girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, amma ya shafe shekaru masu yawa yana gadin aljihun mutane.

Bari mu fara da abin da ya faru da mu. Muna 'yan sakandare wani yayanmu ya dawo daga tafiya, ya kawo mana tsarabar 'yar na'urar sauraron waƙa ta MP3, irin mai ƙaramar fuska da ake ratayawa a wuya. Mu uku muke karɓa-karɓa da ita a gida. Ranar nan aka wayi gari ta ƙi motsi. Mun danna kowane maɓalli, shiru. Mun sa ta a caji tun hantsi har la'asar, shiru. Kafin magariba an fara nuna wa juna yatsa, kowa yana cewa a hannun wane ta lalace. Washegari muka haɗa kuɗin tararmu muka kai wa mai gyara a kasuwa. Ya juya ta sau ɗaya, ya sa farce ya tura wani ɗan abu a gefenta, sai ga fuska ta kawo haske. Ya miƙo mana yana dariya ya ce, "Samari, ku tafi da kuɗinku. Lafiyarta lau, sakata kuka sa mata."

A jikin ɗan abin an rubuta HOLD, kalmar Turanci mai ma'anar riƙewa. Mu dai tun daga ranar 'yar sakata muke ce masa. Amfani da shi ba wuya. Ka tura shi gefe, duk maɓallan na'urar su daina amsawa. In waƙa tana tafiya za ta ci gaba, in kuma a kashe na'urar take za ta zauna a kashe. Ka mayar da shi inda yake, komai ya dawo daidai. Abin tambaya shi ne, me ya sa masu ƙera na'ura, waɗanda kullum burinsu a taɓa ta amsa nan take, suka zauna suka ƙirƙiro abin da zai hana ta amsawa?

LOKACIN DA BA A BUƘACI SAKATA BA

A shekarar 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens. Shekara 16 bayan haka, ranar 1 ga Yuli 1979, kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da Walkman na farko, mai lamba TPS-L2, a kan yen 33,000. Asalin labarin shi ne, Masaru Ibuka, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Sony, yana son abin da zai riƙa sauraron kiɗa da shi a doguwar tafiyar jirgin sama. Sai injiniyoyi suka ɗauki Pressman, wata ƙaramar rikoda da aka yi domin 'yan jarida, suka cire mata lasifika da ɓangaren naɗar murya, suka inganta sautinta, suka haɗa ta da abin sauraro na kunne.

Wannan Walkman shuɗi ne da ruwan azurfa, nauyinsa ya kusa giram 400. Yana da ramin iyafis biyu domin mutum biyu su saurara tare, da wani maɓalli ruwan goro wanda in an danna yake rage kiɗan, su ji muryar juna. Abin da ba shi da shi kuwa shi ne 'yar sakata, domin bai buƙace ta ba.

Duk wanda ya taɓa danna maɓallin kunnawa a rediyo mai kaset na gidan su ya san dalili. Sai ka sa ƙarfi, ka ji ya yi ƙas, sannan ya zauna a ƙasa. Yatsanka ne yake yin aikin da kansa: shi ke tura hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren kaset, ya kuma matso da 'yar tayar robar da ke jan zaren. Littafi a cikin jaka ko gogayyar riga ba su cika iya wannan aiki ba. Taurin maɓallin shi ne tsaronsa.

Tsoron da ake da shi a lokacin na wani abu ne dabam, wato kada a naɗi sabon abu a kan tsohon. Shi ya sa aka yi wa kowane kaset 'yan kunnuwa biyu na roba a samansa. In ka karya su, maɓallin naɗa ba zai dannu ba. In kuma daga baya ka sake shawara, sai ka liƙe ramin da salatif. Gidajen da suka taɓa rasa kaset ɗin biki ko na karatu saboda wani yaro ya naɗi waƙar rediyo a kai sun san darajar waɗannan kunnuwa.

DA MAƁALLI YA YI LAUSHI

Cikin shekarun 1980 gasa ta yi zafi tsakanin kamfanonin Japan irin su Sony da Aiwa da Panasonic, kowa yana neman ƙanƙanta tasa na'urar. A 1983 Sony ya fitar da WM-20, wanda girmansa kusan daidai yake da gidan kaset. Na'ura ta bar rataya a kafaɗa ta koma cikin aljihu.

Sai kuma aka canza yadda maɓallin kansa yake aiki. A manyan samfura aka daina dogara da ƙarfin yatsa. Maɓalli ya zama ɗan makunni mai laushi wanda aikinsa kawai ya aika saƙon lantarki zuwa wata 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, ita kuma ta umarci inji ya tura hed, ko ya juya zare gaba ko baya. Wannan ne ya ba da damar ɗora wasu maɓallan a kan igiyar iyafis, mutum ya sarrafa na'urarsa ba tare da ya ciro ta ba.

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi kasuwa a 1982, ya ƙara tura abin gaba. A 1984 Sony ya fitar da D-50, na'urar CD ta ɗauka a hannu wadda zuriyarta ta shahara da sunan Discman. Shi faifan CD hasken leza ne yake karanta shi, babu abin da yatsa zai tura, don haka maɓallansa na aika saƙo ne tun asali. Haka ma MiniDisc da ya biyo baya a 1992.

Laushin ya yi daɗi, amma kowane allazi da nasa amanu. 'Yar ƙwaƙwalwar da ke cikin na'ura ba ta san bambancin yatsan mai ita da gefen makullin gida ba. Duk abin da ya taɓa maɓalli, a wajenta umarni ne. Mu ƙaddara ma'aikaci a jirgin ƙasa na Tokyo da safe, an matse shi ta ko'ina, na'urarsa tana aljihun kwat. Gwiwar hannun wani ta tsallake masa waƙa, jakar wata ta tsayar da faifan. Ko ɗalibi mai koyon harshe da kaset, ya jefa na'urar a jaka, ta kunna kanta, ya isa makaranta ya tarar batir ya ƙare kuma wurin da ya tsaya ya ɓace. Ga 'yan jaridar rediyo da suka rungumi MiniDisc wajen naɗar hira, abin ya fi haka nauyi, domin taɓa maɓallin tsayarwa bisa kuskure yana iya yanke maganar da ba za a sake samun mai maimaita ta ba.

Komawa ga maɓalli mai tauri ba zai yiwu ba. Sai aka ƙara maɓalli guda wanda yake aiki ta wata fuska dabam. Sauran duk dannawa ake yi, shi kuwa turawa ake yi gefe, kuma in an tura shi yana zama a inda aka ajiye shi. Aljihu ya iya dannawa, amma bai cika iya tura ɗan abin da aka nutsar a jikin na'ura ba. Kafin ƙarshen shekarun 1990, da wuya ka ɗauki Discman ko MiniDisc na kirki ka rasa kalmar HOLD a jikinsa.

Ya kamata mu fahimci cewa 'yar sakata ba ta yanke wuta. Abin da take yi shi ne sanar da 'yar ƙwaƙwalwar nan cewa ta yi kunnen uwar shegu da duk saƙon da ya zo daga maɓallai. Shi ya sa waƙa ba ta tsayawa. Shi ya sa kuma a na'urori da yawa, in ka danna wani abu a lokacin, kalmar HOLD ko hoton kwaɗo yake bayyana a fuska, kamar na'urar tana cewa na ji ka, amma an hana ni. A na'urorin Sony masu maɓallai a igiya, sakatar jikin na'ura takan kulle na jikin ne kawai, na igiyar suna da tasu. Kana iya kulle wadda ke cikin jaka, ka ci gaba da canza waƙa daga wadda ke maƙale a wuyan riga.

ZAMANIN iPod

A 1998 na'urorin MP3 na farko suka shigo kasuwa, MPMan na kamfanin SaeHan a Koriya ta Kudu, da Rio PMP300 na kamfanin Diamond a Amurka. Ma'ajiyar Rio megabayit 32 ce, abin da bai fi waƙoƙin kusan rabin awa ba. Amma wadda ta kai 'yar sakata hannun miliyoyin mutane ita ce iPod, da Steve Jobs na kamfanin Apple ya gabatar ranar 23 ga Oktoba 2001. Tana da gigabayit 5, kuɗinta dala 399, kuma tallarta gaba ɗaya a kan aljihu aka gina ta: waƙa dubu a aljihunka.

Wanda ya yi wa mutane alƙawarin aljihu, dole ya yi maganin sharrin aljihu. Ita iPod ba ta da makunnin kashewa na musamman. Sai ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu ta yi barci, kuma duk maɓallin da aka taɓa yana tashinta. Batirin da aka ce yana kai awa 10 yana iya tsiyayewa a cikin jaka ba a saurari komai ba. Don haka aka ɗora 'yar sakata a samanta, kusa da ramin iyafis. In ka tura ta, wani ɗan layi ruwan goro yake bayyana, hoton kwaɗo kuma ya fito a fuska. Da ido ɗaya za ka san halin da take ciki.

Buƙatar ta ƙaru da tafiyar lokaci. iPod ta farko tana da wani faifai a gaba da yake juyawa da gaske. A 2002 aka maye gurbinsa da wanda ba ya motsi, shafa kawai yake ji. A 2003 sauran maɓallan ma suka koma na shafa. Tunda da wannan faifan ake ƙara sauti, gogayya kaɗan tana iya cika wa mutum kunne da ƙara ba shiri. Mutane suka saba da tsari guda: zaɓi waƙa, tura sakata, jefa a aljihu.

Abin da ya same mu da mai gyara ya sami dubban masu iPod. Shi ya sa a bayanan da Apple ke bayarwa kan iPod da ta ƙi amsawa, sakatar ce farkon abin dubawa: a tura ta, a dawo da ita, sannan a danne maɓallin Menu da na tsakiya tare har sai tambarin kamfanin ya fito. A iPod shuffle ta 2005, wadda ba ta da fuska, an cire abin turawar, aka ce a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 3 har 'yar fitila ta ƙifta ruwan goro. Wannan alama ce da ke nuna cewa sakatar da ake taɓawa da hannu ta fara komawa cikin manhaja.

YADDA TA ISO MANA

A ƙasar nan yawancin mutane ba ta iPod suka san wannan dabara ba. Ta wayar salula suka san ta. A watan Agusta 2001 aka fara amfani da layukan GSM a Najeriya, kuma wayoyin Nokia irin su 3310 suka cika hannaye. Maɓallansu a fili suke, ga laushi. A shekarun farko kuma minti-minti ake lissafin kira, sai a 2003 da Globacom ya shigo aka fara lissafin sakan-sakan. Wayar da ta kira wani daga cikin aljihu tana iya cinye katin mutum, ta kuma jiyar da wanda aka kira hirar da ba a so ya ji. Shi ya sa iyayenmu da yayyenmu suka haddace Menu sannan tauraro. Hikimar iri ɗaya ce da ta 'yar sakata: maɓalli biyu masu nisa da juna, a jere, cikin ɗan lokaci, abin da aljihu ba zai iya yi da kansa ba. Duk da haka an bar ƙofa ɗaya a buɗe, domin ko a kulle wayar take tana karɓar lambar gaggawa ta 112.

Mu da muka taso daga baya, ƙananan MP3 'yan Sin ne rabonmu, waɗanda ake kai wa masu loda waƙa su cika. Kuma ko a yau 'yar uwar sakatar tana hannunmu ba mu lura ba. Ku duba gidan da ake sa ƙaramin memori a ciki kafin a zura shi a kwamfuta ko kyamara, za ku ga ɗan abin turawa a gefe da rubutun Lock. In an tura shi ƙasa, ba a iya gogewa ko ƙara komai. Jikan kunnuwan kaset ne. Abin mamakin shi ne ba a haɗa shi da wata waya a ciki ba. Na'urar da aka zura shi ce take lalubar matsayinsa ta girmama shi.

DAGA TURAWA ZUWA SHAFAWA

Ranar 9 ga Janairu 2007 Steve Jobs ya gabatar da iPhone, wayar da gabanta gilashi ne mai jin taɓi. Da ya zo nuna yadda ake buɗe ta, sai ya ja yatsa daga hagu zuwa dama a kan wani zane, ya bayyana cewa sun nemi abin da ba zai faru bisa kuskure a aljihu ba. In aka duba da kyau, 'yar sakata ce aka zana a gilashi.

Wannan ɗan jan yatsa har kotu ya kai manyan kamfanoni. Apple ya yi rajistarsa a matsayin ƙirƙirarsa, ya kuma yi ƙarar Samsung. A watan Mayu 2014 masu taimaka wa alƙali a wata kotun Amurka suka ce Samsung ya biya kusan dala miliyan 120 a kan wannan da wasu ƙirƙire-ƙirƙire biyu. A Jamus kuwa babbar kotun tarayya ta soke rajistar a watan Agusta 2015, tana mai nuni da wayar Neonode N1m ta wani kamfanin Suwidin, wadda ta riga iPhone amfani da jan yatsa wajen buɗewa.

Ana cikin wannan shari'a, ita ainihin sakatar tana janyewa a hankali. A 2010 Sony ya daina yin Walkman mai kaset domin kasuwar Japan, bayan ya sayar da kimanin miliyan 200 a duniya. A wannan shekarar iPod nano ta koma fuskar shafa ba abin turawa. A watan Satumba 2014 aka daina iPod classic. A 2016 shi ma jan yatsan ya ɓace daga iPhone, bayan karanta zanen yatsa ya shigo a 2013, gane fuska kuma ya biyo a 2017. A watan Mayu 2022 Apple ya rufe babin iPod baki ɗaya. Ko ɗan abin turawa na gefen iPhone da ke sa ta yin shiru, mai nuna ruwan goro shi ma, an maye gurbinsa da maɓallin dannawa a iPhone 15 Pro a 2023.

ABIN DA YA CANZA

Kalmar kullewa tana nan, amma abin da ake kullewa dominsa ya canza. 'Yar sakata ba ta taɓa hana ɓarawo ko mai leƙen asiri komai ba, kowa yana iya mayar da ita da farce. Aikinta shi ne raba abin da mai na'ura ya yi niyya da abin da ya faru bisa tsautsayi. Kullen wayoyinmu na yau kuwa tambayarsa ita ce wane ne kai, domin a cikin wayar akwai asusun banki da hotuna da sirrin mutum. Wannan ci gaba ne da ba mai musun sa.

Sai dai an yi asarar wani abu a hanya. Tsohuwar sakata ana jin ta da yatsa. Mai tuƙa keke, da wanda ke cikin duhu, da makaho, duk suna iya lalubawa su san a kulle take ko a buɗe ba tare da sun kalli komai ba. Kuma in ka ajiye ta a wuri, nan za ka tarar da ita, babu sabunta manhajar da zai canza mata hali cikin dare. Shi ya sa har yanzu Sony yake sa HOLD a jikin sababbin Walkman da yake yi wa masu son sauti mai inganci, haka ma ƙananan rikodojin da 'yan jarida ke ɗauka.

Shi kuwa aljihu bai tuba ba. A watan Yuni 2023 shugabannin 'yan sandan Birtaniya suka koka kan yawaitar kiran gaggawa na 999 da ba a jin muryar kowa, suka danganta wani ɓangare na matsalar da tsarin wayoyin Android da ke kiran agaji in an danna maɓallin gefe sau 5 a jere. Kowane irin wannan kira yana cin lokacin ma'aikacin da ya kamata ya amsa wa mai neman ceto na gaske. Shekara 44 bayan Walkman na farko, ana nan ana fama da tambayar da ta haifi 'yar sakata: yaya na'ura za ta gane cewa mai ita ne ya taɓa ta, kuma da gangan?

Ga duk wanda yake da tsohuwar MP3 ko rikoda a ƙasan akwati da ya yanke wa hukuncin mutuwa, muna ba da shawarar a ciro ta a sa mata caji, a duba gefenta da samanta kafin a jefar. Mu dai da mai gyaran nan ya so, da ya karɓe kuɗin tararmu, mu kuma mu yi masa godiya.

A nan za mu dakata. Ƙofar gyara da ƙarin bayani a buɗe take kamar kullum. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.